Darasin Lugga: Kalmar "Cipher" Da Ma'anoninta Bakwai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Darasinmu na yau na lugga ne, kuma a kan wata kalmar Turanci ne. Na san wani zai ce, "Liman, yaushe kuma ka koma malamin Turanci?" To, a yi mini haƙuri a bi ni a hankali. Kafin mu kai ƙarshe za ku ga cewa kalmar nan da ke sanye da kwat da wando, asalinta 'yar gida ce.

ABIN DA YA JAWO DARASIN

Makon da ya wuce, bayan sallar Isha'i, wani matashi cikin ɗalibanmu ya tsayar da ni a bakin masallaci, waya a hannunsa. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, a duba mini wannan." Ashe wani sharhi ya karanta a jaridar Turanci game da shugaban wata ƙasa, mai sharhin ya kira mutumin da kalmar "cipher". Ya sa kalmar a manhajar fassara, ta ce masa ma'anarta rubutun sirri. Nan take ya rubuta wa abokansa cewa, ga shi har Turawa sun sallama, sun yarda mutumin nan sirri ne da suka kasa warwarewa. Abokai suka yi ta yaɗawa.

Na ce ya buɗe mini asalin sharhin. Da muka karanta abin da ya gabaci kalmar da abin da ya biyo bayanta, sai ga shi mai sharhin cewa yake yi sojoji ne suka ɗora mutumin, kuma duk takardar da suka miƙo masa sa hannu kawai yake yi. Na ce masa, "Ƙanena, ai zagi ka ɗauko ka mayar da shi kirari. Cewa yake yi mutumin naka sifili ne."

Manhajar ba ta yi masa ƙarya ba. Ma'ana ɗaya ta ba shi cikin bakwai, shi kuma bai san akwai sauran shida ba.

KALMA ƊAYA, MA'ANA DA YAWA

Malaman luggar Larabci suna da babi guda a kan wannan, suna kiransa "almushtarakul lafzi", wato lafazi ɗaya da ma'anoni suka yi tarayya a cikinsa. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne "ainun". Ido ainun ne, idon ruwa ainun ne, ɗan leƙen asiri ainun ne, ainihin abu ma ainun ne. Mu ma a Hausa haka abin yake. Ɗauki "baki": akwai bakin mutum, bakin kogi, bakin wuƙa. In an ce dattijo ya sa baki, ba cizo ya yi ba. In an ce bakinsu ɗaya, ba halittarsu ake nufi ba. Bahaushe ba ya rikicewa, don zancen da kalmar ta zo a cikinsa shi ke nuna masa hanya. Wannan shi malamai ke kira siyaƙi. Amma da zarar mutum ya shiga harshen da ba nasa ba, sai ya manta da wannan ƙa'ida, ya riƙe ma'anar farko da ƙamus ya ba shi.

Kalmar tamu ana furta ta "saifa". Ana rubuta ta "cipher", a Ingila kuma sau da yawa "cypher". Ga ma'anoninta bisa jerin yadda suka haifi juna.

MA'ANA TA FARKO: SIFILI

Asalin kalmar Larabci ne, "sifr", da harafin sadi da fa'un da ra'un. Tun kafin a san ta a lissafi, ma'anarta wofi, abin da babu komai a cikinsa. Balarabe yakan ce wane ya dawo "sifrul yadaini", wato hannu rabbana. Da wannan ma'ana ta zo a hadisin Salmanul Farisi da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito game da hannuwan mai addu'a. Wasu malaman lugga ma sun ce daga nan watan Safar ya samo sunansa, saboda gidaje kan zama wofi idan mazaje suka fita bayan watanni masu alfarma.

Yaya aka yi ta shiga lissafi? Mutanen Indiya su ne suka tsara ƙidaya da alƙaluma tara da wata alama ta gurbin da babu komai, suna kiranta "shunya", ma'ana wofi. A shekarar 628 masaninsu Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin yin lissafi da ita. Da ilimin ya iso Bagadaza, sai aka fassara "shunya" da "sifr". Wajen shekarar 825, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafi a kan wannan ƙidaya, kuma bai ɓoye inda ya samo ta ba, ya kira ta lissafin Indiya. Ku lura da wannan amana. Har gobe Larabawa alƙaluman Indiya suke ce musu, Turawa kuma suna ce musu alƙaluman Larabawa. Kowa ya jingina abin ga wanda ya karɓa daga hannunsa.

Daga nan ta ƙetara Turai ta hanyar littattafan da aka fassara zuwa Latin a Andalus, da kuma ta hannun 'yan kasuwa. Wani ɗan birnin Pisa na Italiya, Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafin nan yana yaro a garin Bijaya da ke Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aiki. A 1202 ya fitar da littafinsa, ya rubuta "sifr" a matsayin "zephirum". Bakin Italiyawa ya tauna ta har ta koma "zero". Ta ɗaya hanyar kuma Latin ya ce "cifra", Faransanci ya karɓa, Turancin Ingilishi ya same ta a ƙarshen ƙarni na 14 a matsayin "cipher". Kun ga ke nan "zero" da "cipher" tagwaye ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mu kuwa ba mu jira ta zagayo ta Turai ba. Kai tsaye muka karɓa daga Larabci muka ce sifiri ko sifili, kamar yadda muka karɓi ashirin da talatin da arba'in da hamsin.

MA'ANA TA BIYU: ALƘALUMA DA YIN LISSAFI

Don ka san girman abin da ya zo wa Turawa, duba yadda suke rubuta ƙidaya a da. Shekarar 1988 a ƙidayar Rumawa ita ce MCMLXXXVIII. Ka gwada ninka wannan sau goma sha bakwai ka ga yadda gumi zai karyo maka. A sabuwar ƙidayar kuwa, gurbin da alƙalami ya zauna shi ke ba shi daraja, sifili kuma shi ke tsare gurbin da babu kowa. Shi ya raba 15 da 105 da 1005.

Da yake sifili shi ne baƙon da ya fi ba su mamaki, sai sunansa ya rufe sauran. Aka wayi gari kowane alƙalami, daga 0 har 9, ana ce masa "cipher". Har yau a Faransanci "chiffre" alƙalamin ƙidaya ne, 'yan uwanmu na Nijar sun san wannan sarai. A Jamusanci ma "Ziffer" suke cewa. A Turanci har fi'ili aka yi da ita, ma'anarsa yin lissafi. Shugaban Amurka Abraham Lincoln, a ɗan tarihin kansa da ya rubuta a 1859, da wannan kalmar ya ambaci ɗan lissafin da ya iya yana yaro. Wanda bai san wannan ma'ana ba sai ya fassara cewa yaron ƙauye yana rubuta saƙonnin sirri, alhali lissafi kawai yake nufi.

Ba kowa ne ya yi maraba da baƙon ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana 'ya'yanta rubuta littafin ciniki da sababbin alƙaluman. Daga dalilan da ake bayarwa akwai sauƙin maguɗi: ɗan jan alƙalami kaɗan ya isa ya mayar da 0 ya zama 6 ko 9. Ku riƙe wannan zargi da ake yi wa alƙaluman, zai yi mana amfani a gaba.

MA'ANA TA UKU: MUTUMIN DA BA A ƘIRGA SHI

Wannan ita ce ta kayar da ɗalibinmu. Tunda sifili shi kaɗai ba ya da ƙima, sai dai ya cike gurbi, sai Turawa suka ara wa mutum sunan. Idan suka ce wane "cipher" ne, suna nufin yana kan kujera amma ba shi ke da ita ba. Da shi da babu duk ɗaya. Bahaushe zai ce hoto ne, ko ɗan amshin shata, ko kuwa je-ka-na-yi-ka.

Alamar da za ta nuna maka wannan ma'ana ita ce a jingina kalmar ga mutum, kuma zancen ya shafi mulki ko iko, ana nuna wani ne ke juya shi.

Amma a yi wa sifili adalci. Shi kaɗai ba komai ba ne, gaskiya ne. To ka ajiye shi a daman 1, ka ga goma. Ka ƙara wani, ka ga ɗari. In ka ajiye shi a hagu kuwa, ko guda nawa ka jera ba abin da zai ƙaru, shi ya sa Larabawan yau ke kiran mutumin banza sifilin hagu. Mazauni shi ne magana.

MA'ANA TA HUƊU: RUBUTUN SIRRI

Wannan ce ta fi shahara a yau, kuma tun wajen ƙarni na 16 Turanci ke amfani da ita. Me ya haɗa sifili da sirri? Bayanin da masana suka fi kawowa shi ne, masu rubuta wasiƙun sarakuna a Turai sun riƙa musanya haruffa da alƙaluman ƙidaya don kada a gane. Ga kuma jama'a da dama a lokacin kallon alƙaluman suke yi kamar wani zane mai ruɗarwa da 'yan kaɗan suka san kansa. Sai "rubutu da alƙaluma" ya zama "rubutun da ba a ganewa".

Bari mu yi shi a aikace. Tsohuwar hanya da ake jingina wa Julius Kaisar na Rum ita ce ka tura kowane harafi gaba da taki uku a jerin haruffan boko na Turanci. A ya zama D, B ya zama E, haka har ƙarshe, in an kai Z a zagayo. KANO sai ta koma NDQR. Wanda ya san taki uku ne, sai ya ja kowane harafi baya ya karanta abinsa.

A nan akwai bambancin da ya kamata ɗalibi ya riƙe, tsakanin "cipher" da "code", ko da yake a maganar yau da kullum ana gwama su. Na farko a kan haruffa yake aiki, ɗaya bayan ɗaya, bisa wata ƙa'ida. Na biyu kalma sukutum ko jimla yake musanyawa bisa yarjejeniya. Idan ɗan kasuwa ya shirya da yaronsa cewa "baƙo ya sauka" na nufin kaya sun iso, wannan "code" ne. Zaurancen da muka yi muna yara kuwa, inda "zo mu tafi" ke komawa "zodo mudu tada fidi", ya fi kusa da "cipher", don ƙa'ida ɗaya ce ake bi a kan kowace gaɓa, kuma duk wanda ya gano ta ya gama da kai.

Malamanmu na ajami ma suna da nasu musanyen, wato ramzi, inda kowane harafi ke da adadinsa. A lissafin Magariba da ake bi a ƙasar nan, shinun 1000 ne, ra'un 200, ya'un 10, ha ƙarami 8. Ka haɗa su huɗun ka sami 1218, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Sai dai su ba don ɓoyewa suke yi ba, don a riƙe shekara cikin kalma ɗaya ne a ƙarshen waƙa ko littafi.

WANDA YA FARA KOYAR DA FASA SHI

Larabawan da ba "sifr" suke kiran wannan fanni ba. Suna ce masa "ta'amiya", wato makantarwa, rubutun da aka ɓoye kuma "mu'amma". Littafi mafi daɗewa da ya iso mana a kan yadda ake warware irin wannan rubutu ba tare da mabuɗi ba, na Abu Yusuf Ya'aƙub bin Ishaƙ Alkindi ne, haifaffen Kufa, mazaunin Bagadaza a ƙarni na 9. Kwafin risalar tasa na rubutun hannu yana ɗakin karatu na Sulaimaniyya a Istanbul, kuma a 1987 wasu masu bincike suka buga ta a Dimashƙa.

Dabararsa mai sauƙi ce, in an riga an faɗa maka. Kowane harshe yana da haruffan da suka fi yawan zuwa. A Larabci alif da lam ne a gaba. To, ka ƙirga alamomin da ke cikin rubutun sirrin, wadda ta fi yawa ka ɗauka ita ce harafin da ya fi yawa a harshen, ka bi su haka kana gwadawa har kalmomi su fara fitowa.

Mu gwada da Hausa. Ga saƙo: EDOD BD WDIL NDVXZD GD VDIH. Haruffa 22 ne, takwas daga ciki D ne. Wane harafi ne ya cika Hausa haka? Kowa ya san A ne. Daga A zuwa D taki uku ne. Ja sauran baya da uku, sai ga shi: BALA YA TAFI KASUWA DA SAFE. Ba wanda ya ba ka mabuɗi, ƙirga kawai ka yi.

Bayan Alkindi wasu sun ɗora, irin su Ibn Adlan da Ibnud Duraihim ɗan Mausil. Alƙalƙashandi, magatakarda a fadar Misira, ya kawo bayanin fannin a babban littafinsa Subhul A'asha da ya kammala a 1412. Wannan littafin ne kuma ya adana mana wasiƙar da Mai na Borno ya aika wa Sarkin Misira Barƙuƙ a ƙarshen ƙarni na 14.

Kada ku ɗauka wasan yara ne, rai yana tafiya a kansa. Sarauniya Maryamu ta Sikotland ta shafe kusan shekara 19 a tsare a Ingila, a hannun 'yar uwarta Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. A 1586 wasu matasa ƙarƙashin wani Anthony Babington suka ƙulla kashe Elizabeth su ɗora Maryamu. Wasiƙu na shiga suna fita a ɓoye cikin gangar giya, an rubuta su da alamomin sirri. Ba su san cewa kowace wasiƙa sai ta biya ta hannun Francis Walsingham, shugaban 'yan leƙen asirin Elizabeth ba, kuma yana da wani gwani, Thomas Phelippes, da ke warware su. Da yake Maryamu ta amince ba mai iya karantawa, sai ta saki jiki ta rubuta amincewarta. Da wannan wasiƙar aka yi mata shari'a, aka fille mata kai a watan Fabrairun 1587. Da ta san ana karantawa, da ta tauna kafin ta rubuta. Makullin da ta dogara da shi, shi ya sa ta buɗe cikinta.

Daga wannan ma'ana aka sami fi'ilin "decipher", wato warware abin da aka ɓoye. Har mummunan rubutun likita ma in ka samu ka karanta, da wannan fi'ilin Bature zai faɗa.

MA'ANA TA BIYAR: SAƘON KANSA, KO MABUƊINSA

Wani lokaci ba hanyar ɓoyewar ake nufi ba, takardar da aka ɓoye ɗin ake nufi, musamman saƙon da jakada ke aika wa gwamnatinsa. Masu bin labaran Pakistan za su tuna. A watan Maris na 2022 jakadan ƙasar a Washington ya aika saƙon sirri gida game da ganawarsa da wani jami'in Amurka. Firaminista Imran Khan ya ɗaga wata takarda a gaban taron magoya bayansa, ya ce hujja ce ta maƙarƙashiyar da ake ƙulla masa daga waje. A watan Afrilu majalisa ta sauke shi. Daga baya aka tuhume shi da fallasa sirrin ƙasa, a Janairun 2024 aka yanke masa shekara 10, a watan Yuni na shekarar kuma babbar kotun Islamabad ta soke hukuncin. Duk tsawon shari'ar, da kalmar "cipher" jaridu ke kiranta. Wanda ya fassara ta da "shari'ar sifili" ya yi ɓatan kai, saƙon jakada ake nufi.

Haka kuma akan kira mabuɗin da ake warware saƙon da shi da wannan suna. Turkawa sun ari kalmar daga Faransanci suka ce "shifre", kuma ita ce kalmarsu ta yau ta lambar sirrin da kake buɗe waya ko asusun banki da ita.

MA'ANA TA SHIDA: TAMBARIN SARAUTA

Idan aka ɗauki haruffan farko na sunan sarki aka sarƙa su wuri guda aka ɗora kambi a sama, wannan ma "cypher" ne. Na Sarauniya Elizabeth ta Biyu shi ne E da R da II a tsakiya, yana jikin akwatunan gidan waya a Ingila, a zamaninta kuma har da kayan dogarai. Da ta rasu a watan Satumba na 2022, aka fitar da na ɗanta Sarki Charles na Uku, C da R da III. Ya yi kama da tugra, wato sarƙaƙƙen sa hannun sarakunan Daular Usmaniyya. Ku duba abin mamaki: a ma'ana ta huɗu ana sarƙa haruffa don a ɓoye, a nan kuwa ana sarƙa su don kowa ya gani ya san na sarki ne.

MA'ANA TA BAKWAI: MUTUMIN DA BA A GANE CIKINSA

Wannan sabuwa ce a kan sauran, kuma ta fito ne daga ta huɗu. Marubutan yau sukan ce wane ya zame musu "cipher", suna nufin sun kasa karantarsa, ba a san abin da ke ransa ba. Wannan ita ɗalibinmu ya zata. Kun ga ke nan fahimtarsa tana da gurbi a harshen, sai dai ba a wancan sharhin ba. Jimla iri ɗaya, a wani wuri tana nufin mutum mai zurfin ciki, a wani wuri tana nufin fanko. Ba abin da zai raba maka su sai ka karanta gaba da baya.

Akwai wasu ƙananan ma'anoni da ba mu sa a lissafi ba. Misali, mawaƙan zamani a Amurka suna kiran da'irar da suke yi suna karɓa-karɓar baiti da wannan suna, ga kuma siffar sifili a da'irar.

TA DAWO GIDA BA A GANE TA BA

Ga abin da ya fi burge ni tun muna jami'a. Balaraben yau in zai ce rubutun sirri, "shifra" yake cewa, aikin kuma "tashfir". Masana lugga da dama sun tafi a kan cewa wannan "sifr" ɗin nan ce tasu, ta je Turai ta yi ƙarnoni, Faransawa suka mayar da farkonta "sh", sannan ta dawo. Ta fita da sadi ta dawo da shinun, aka karɓe ta a matsayin baƙuwa, "ta'amiya" ta Alkindi kuma ta koma cikin tsofaffin littattafai. Rashin sani, in ji Bahaushe, kaza ta kwana a kan dami.

Kuma zancen bai tsaya a tarihi ba, yana aljihunka. Duk saƙon da ka tura ta WhatsApp, tun 2016 ana juya shi ya koma rubutun sirri kafin ya bar wayarka, ba ya warwaruwa sai a wayar wanda ka aika wa. Katin cirar kuɗinka ma da irin wannan yake aiki. Na'urar kuma da 0 da 1 take duk lissafinta, bisa matakan da ake kira algoridim, kalmar da ita ma daga sunan Alkhawarizmi ta fito. Ma'ana ta farko da ta huɗu sun sake haɗuwa a tafin hannunka.

FA'IDOJIN DARASI

Ta farko: kada ka fassara kalma, ka fassara zance. In ka ga kalmar da hukuncinka zai rataya a kanta, buɗe ƙamus ka karanta ma'anoninta duka, ba ta saman kaɗai ba, sannan ka koma ka ga wacce ta zauna daidai. Manhajar fassara 'yar rakiya ce, ba malama ba ce.

Ta biyu: kafin ka yaɗa abin da ka fassaro daga wani harshe, nuna wa wanda ya fi ka sanin harshen. Matambayi ba ya ɓata. Ɗalibinmu ya tambaya, amma bayan ya yaɗa. Na yaba masa da ya koma ya gaya wa abokansa cewa ya yi kuskure, don ba kowa ke iya wannan ba.

Ta uku: sanin asalin kalma yana taimakawa wajen riƙe ma'anoninta, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Don "cipher" ta fito daga "sifr" ba ya nufin duk inda ka gan ta sifili ce. Kalma tana tafiya, tana canza kaya.

Ta huɗu: darasin Sarauniya Maryamu. Ƙarfin makulli ba ya amfani in mai gida ya miƙa mabuɗi. Rubutun sirrin da ke tsare wayoyinmu ya fi ƙarfin ƙirgar Alkindi nesa ba kusa ba, shi ya sa 'yan damfara ba sa wahalar da kansu wajen fasa shi. Kiranka za su yi da murya mai daɗi, su ce an sa ka a wani taro ko za a ba ka tallafi, ka karanto musu alƙaluma shida da suka shigo wayarka. Ka karanta, sun ƙwace. Lambar sirrinka ko ta katin banki, kada ka faɗa wa kowa a waya, ko da ya ce daga banki yake. Kuma abin da ba za ka so a karanta a gaban jama'a ba, kada ka rubuta shi don kawai an ce maka a kulle yake.

Ga aikin gida, a yi shi tare da yara. Da ƙa'idar taki uku, a warware wannan kalma: VLILOL. Wanda ya bi darasin tun daga farko ba zai sha wahala ba.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga faɗin abin da ba mu tabbatar ba. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.